Suna Linzami: Ƙayyadaddun Kalmomi da Hanyar Adana Ilimi da Gano Shi

Gabatarwa

A farkon shekarar 2010 wata cuta ta ɓulla a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yara ƙanana ne ta fi kamawa. Yaro ya kan fara da amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga, ba da jimawa ba kuma sai rai ya yi halinsa. Da farko an yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunan waɗannan cututtuka, amma ba a ga sauƙi ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka lura da yawan mace-macen a watan Maris, su ne suka aika da jinin yaran ɗakin gwaji a Turai. Sakamakon ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma daka su da niƙa su a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci ta shiga cikin yara. Binciken da masanan Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka gudanar a ƙauyuka biyu ya gano cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. A jimlace an ƙiyasta cewa fiye da yara 400 ne suka rasu. Allah ya jiƙan su.

Akwai abin lura a nan wanda shi ne jigon darasinmu. Gubar dalma tsohuwar cuta ce a wajen likitocin duniya. An yi rubuce-rubuce dubbai a kanta, kuma maganin da ake kira succimer, wanda aka yi amfani da shi a Zamfara domin tsamo dalmar daga jinin yara, tun shekarar 1991 aka amince da shi a Amurka. Ilimin yana nan a ajiye tun kafin cutar ta zo mana. Amma muddin ba a kira cutar da sunanta na gaskiya ba, babu hanyar kaiwa ga wannan ilimi, tamkar kazar da ta kwana a kan dami da yunwa. Hausawa sun ce suna linzami ne. A wannan darasi za mu duba yadda masana ke ƙera irin wannan linzami da gangan, domin abin da aka adana a laburare ko a kwamfuta ya samu a lokacin da ake bukatarsa.

Matsaloli uku na harshen yau da kullum

Harshen da muke magana da shi a gida da kasuwa yana da yalwa da armashi. Sai dai wannan yalwar kan zama cikas idan aka zo neman bayani a cikin tarin takardu, musamman idan na'ura ce mai neman, domin ita haruffa kawai take kwatantawa.

Matsala ta farko ita ce abu ɗaya mai sunaye da yawa. Ɗauki itacen nan mai ɗaci da ake shukawa a bakin hanya domin inuwa. Wani ya ce dogon yaro, wani ya ce darbejiya, wani maina, wani kuma bedi. Zogale kuwa akwai masu ce masa zogalagandi, akwai masu ce masa bagaruwar Makka. Ciyawar nan mai jan fure da ke shaƙe gero da dawa a gona, wani manomi ya ce ƙuduji, wani ya ce wuta-wuta. Na taɓa ba ɗalibaina aikin tattaro ganyaye su busar, su rubuta sunan kowanne a kan kati. Da na zo jera katunan bisa tsarin abacada, sai na tarar da ganyen itace guda a wurare uku daban-daban, kowane ɗalibi ya rubuta sunan da ya taso da shi a garinsu. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, amma duk wanda ya zo neman wannan itace da suna ɗaya, kashi ɗaya cikin uku kawai zai samu.

Matsala ta biyu kishiyar ta farko ce, wato suna ɗaya mai ma'anoni da yawa. Kalmar kuka tana nufin itacen da ake miya da ganyensa, tana kuma nufin zubar da hawaye. Dawa hatsi ce, dawa kuma daji ne. Fari launi ne, fari kuma rashin ruwan sama ne. Shawara cuta ce mai sa idanu su yi rawaya, shawara kuma ita ce abin da ake nema wajen manya. A baka, karin sauti da tsawon wasali da yanayin zance su ke raba mana gardama, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Ko sunan garin Anka bai tsira ba. A Hausar Zamfara da Sakkwato ana cewa anka zo, anka tafi, inda Bakano zai ce aka zo, aka tafi. Saboda haka wanda ya umarci kwamfuta ta zaƙulo masa Anka daga rubutun mutanen yankin, za ta jibgo masa jimloli masu yawa waɗanda ba su da alaƙa da garin Sarkin Zamfara.

Matsala ta uku ita ce saɓanin rubutu. Ana rubuta Bukkuyum, ana rubuta Bukuyum. Ana rubuta 'Yargalma a haɗe, ana rubuta 'Yar Galma a rabe. Garin Gummi da baƙi biyu ake rubuta shi a takardun hukuma, amma shahararren malamin nan haifaffen garin, marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a shekarar 1992, da baƙi ɗaya aka san sunansa. Daɗin daɗawa, akwai wani birni a Koriya ta Kudu mai suna Gumi. Ga kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa: mai rubutu da na'urar da ba ta da ƙ zai mayar da ƙasa ta zama kasa, baƙi ya zama baki.

Mene ne ƙayyadaddun kalmomi?

Ƙayyadaddun kalmomi jeri ne na kalmomin da aka zaɓa, aka kuma amince cewa da su kaɗai za a riƙa yi wa takardu lamba a wani fanni. Marubuci yana da 'yancin amfani da kalmar da ya ga dama a cikin rubutunsa. Amma mai adanawa, idan ya zo liƙa wa rubutun alamar abin da ya ƙunsa, dole ya ɗauko daga cikin jerin. Shi ma mai nema daga wannan jeri zai ɗauko. Ta haka su biyun za su haɗu a kalma guda ko da ba su taɓa ganin juna ba. Tsarin yana tsaye ne a kan ƙa'idoji huɗu:

1. Zaɓaɓɓiyar kalma. Kowane abu a ware masa kalma guda tak. Idan an zaɓi darbejiya, to duk takardar da ta yi magana a kan wannan itace darbejiya za a liƙa mata, ko da marubucin maina ya rubuta.

2. 'Yan rakiya. Sauran sunayen ba a zubar da su. Ana shigar da kowanne a jerin tare da umarnin ya raka mai nema zuwa ga zaɓaɓɓiyar. Wanda ya nemi bedi zai tarar an rubuta: duba darbejiya.

3. Bayanin iyaka. Idan kalma tana da harshen damo, sai a rubuta gajeren bayani da zai tsayar da ita a kan ma'ana ɗaya. Alal misali: kuka, itace, ba a amfani da ita ga zubar hawaye.

4. Dangantaka. Ana nuna uwar kowace kalma, wato wadda ta fi ta faɗi, da 'ya'yanta, wato waɗanda suka fi ta ƙunci, da kuma maƙwabtanta. Hatsi uwa ce ga gero da dawa da masara. Gero uwa ne ga maiwa da dauro. Ƙuduji ba hatsi ba ne, amma maƙwabcin gero ne, domin mai binciken ɗaya sau da yawa yana bukatar ɗayan.

Amfanin ƙa'ida ta huɗu shi ne ba mai nema damar hawa da sauka. Idan ya nemi dauro bai sami abin kirki ba, sai ya hau zuwa gero. Idan ya nemi hatsi abin ya yi masa yawa, sai ya sauko zuwa irin da yake so. Mai karatu zai lura cewa wannan ya bambanta da ƙamus. Ƙamus yana tattara dukkan ma'anonin kalma ya bayyana su, shi kuwa wannan jeri yana zaɓar ma'ana ɗaya ne ya ɗaure kalmar a kanta.

Darasi daga ilimin halittu

Ɗaliban kimiyya sun daɗe suna amfani da ƙayyadaddun kalmomi ba tare da an kira musu su da wannan suna ba. Alamomin sinadarai misali ne. Dalma Pb ce a kowane ɗakin gwaji na duniya, daga kalmar Latin plumbum, lambarta kuma 82 a jadawalin sinadarai. Zinariya Au ce, lambarta 79.

Babban misali kuwa shi ne sunayen kimiyya na tsirrai da dabbobi. A shekarar 1753 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya wallafa littafinsa Species Plantarum, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, ta farko sunan dangi, ta biyu sunan da ya keɓance shi a cikin dangin. Ya yi wa dabbobi irin wannan a shekarar 1758. Kuka ita ce Adansonia digitata, an sa mata sunan wani Bafaranshe, Michel Adanson, wanda ya yi nazarinta a Senegal, kalma ta biyu kuma tana nuni ga ganyenta mai kama da yatsu. Ɗorawa ita ce Parkia biglobosa, tsamiya Tamarindus indica, aduwa Balanites aegyptiaca, zogale Moringa oleifera, darbejiya Azadirachta indica, ƙuduji kuma Striga hermonthica. Da waɗannan sunaye malamin gona a Gummi zai iya karanta binciken da aka yi a Indiya ko Sudan ya tabbata itace guda suke magana a kai.

Haɗa sunayen Hausa da na kimiyya aiki ne da aka fara fiye da shekara ɗari da suka wuce. Dakta J. M. Dalziel, likita ɗan ƙasar Sikotilan wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a shekarar 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya tattaro sunayen. Ma'ana, 'yan rakiyar da ke kai masani ga sunan kimiyya, daga wajen iyayenmu da kakanninmu aka samo su.

Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka cewa sunan kimiyya ba ya sauyawa. Gawo a tsofaffin littattafai Acacia albida ne, yanzu kuwa Faidherbia albida. Kaɗanya a da Butyrospermum parkii ce, yanzu Vitellaria paradoxa. Bagaruwa ta daɗe tana amsa sunan Acacia nilotica. Da nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa itatuwan da aka tara a dangin Acacia ba duka ne 'yan uwan juna na kusa ba, sai aka raba dangin. Taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Biyana a 2005 ya bar sunan Acacia ga itatuwan Ostireliya, taron Melbon na 2011 ya tabbatar da hakan bayan doguwar muhawara, bagaruwa kuma ta koma Vachellia nilotica. To yaya za a yi da takardun da aka rubuta kafin sauyin? Amsar tana cikin ƙa'ida ta biyu. Tsohon suna ya kan sauka daga matsayin zaɓaɓɓe ya koma ɗan rakiya. Manyan rumbunan bayanai na tsirrai, irin na Lambun Kew da ke Ingila, suna riƙe da tsofaffin sunaye duka, kowanne yana nuna wanda ya gaje shi.

Yadda likitoci ke adana iliminsu

Mu koma ga gubar dalma. A Ingilishi kaɗai cutar tana da sunaye uku: lead poisoning da plumbism da saturnism. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar masu karatu da Faransanci saturnisme suka sani. Bugu da ƙari, kalmar lead ita ma tana da harshen damo, domin da waɗannan haruffa ake rubuta kalmar da ke nufin jagoranci. Duk matsalolin da muka gani a Hausa ga su nan a harshen wasu.

Domin magance irin wannan, Babban Laburaren Likitanci na Amurka ya fito da jerin da ake kira MeSH a shekarar 1960. Jerin yana da zaɓaɓɓun kalmomi kimanin 30,000, an tsara su reshe bisa reshe kamar itace, ana kuma sabunta shi kowace shekara. Da shi ake yi wa maƙalolin likitanci lamba a rumbun da ake bincikawa ta PubMed, wanda ke ɗauke da bayanan maƙaloli fiye da miliyan 35. Shekara da shekaru ƙwararrun ma'aikata ne ke karanta kowace maƙala su zaɓa mata kalmomi. Tun daga 2022 kwamfuta ce ke yin yawancin aikin, mutane na duba wani sashe. Mai binciken da ya haɗa zaɓaɓɓiyar kalmar gubar dalma da ta Nijeriya zai sami abin da aka rubuta a kan Dareta da Abare da Sunke da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum, ko da bai san sunan ƙauye ko ɗaya ba. Zai kuma ci karo da irin wannan annoba da ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a shekarar 2015.

Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana da nata tsarin mai suna ICD, wanda ke ba kowace cuta lamba. A bugu na 10, illar dalma ita ce T56.0, zazzaɓin cizon sauro kuma daga B50 zuwa B54. Bugu na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022. Amfanin wannan a fili yake. Idan asibiti ɗaya ya rubuta jijjiga a rajistarsa, wani ya rubuta zazzaɓi mai tsanani, wani kuma ya rubuta ciwon yara, to mai tattara alƙaluma a Gusau ba zai ga cewa cuta ɗaya ce ke yaɗuwa ba. A fannin noma kuwa, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jerin AGROVOC tun farkon shekarun 1980, wanda ke ɗaure ma'ana guda da kalmominta a harsuna fiye da 40.

Ga wani misali da ya shafi kowane gida. A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya. Da aka bi sawu, sai aka gano daga abin da ake sa masa a ido ne, wanda Yarabawa ke kira tiro. Gwaji ya nuna kashi 82.6 cikin 100 na garin dalma ce. Wannan tiro shi ne kwalli ko tozali a wajenmu. Larabawa na ce masa kuhl, mutanen Indiya da Pakistan na cewa surma. An daɗe ana fassara kwalli da kalmar antimony a Ingilishi, alhali dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa sau da yawa galena ne, wato haɗin dalma da farar wuta. Ba kowane kwalli ne ke da dalma ba, amma ido ba ya iya bambancewa, kuma masana sun tabbatar babu wani adadin dalma da za a ce ba shi da illa a jinin yaro. Uwar da ta ji gargaɗi a kan tiro ko galena ba za ta san da kwallin da ke cikin tandunta ake ba. Jeri mai kyau shi ne wanda zai sa kwalli da tozali da tiro su yi rakiya zuwa wuri guda, ya kuma nuna gubar dalma a matsayin maƙwabciya.

Yadda ake auna nasarar nema

Masana adana bayanai suna da ma'auni biyu. Na farko shi ne yawan kamu: cikin takardun da suka dace, nawa aka samo? Na biyu shi ne tsabtar kamu: cikin waɗanda aka samo, nawa ne suka dace? Mu ƙaddara rumbu yana da takardu 20 a kan zogale. Ɗalibi ya nema da kalmar zogale ya sami 12, sauran 8 sun kuɓuce domin marubutansu zogalagandi ko Moringa suka rubuta. Yawan kamunsa kashi 60 ke nan cikin 100. Mu ƙaddara kuma ya nemi kuka ya sami takardu 50, amma 15 kaɗai ke magana a kan itacen. Tsabtar kamunsa kashi 30 ke nan. 'Yan rakiya su ke ɗaga ma'auni na farko, bayanin iyaka kuma ya ɗaga na biyu. Manhajojin bincike na intanet a yau suna iya hasashen ma'ana daga yanayin jimla, amma ƙwarewarsu ta dogara ne ga yawan rubutun da suka koya daga gare shi, rubutun Hausa kuwa kaɗan ne idan aka kwatanta da na Ingilishi, na karin harshen Zamfara ya fi ƙaranci.

Inda tsarin ke da rauni

Adalci ne mu faɗi cewa wannan hanya tana da nata nauyin. Da farko, tana cin lokaci da kuɗi, domin jerin da ba a sabuntawa ya kan tsufa ya daina amfani. Na biyu, sabon abu ya kan riga sunansa zuwa, sai an ɗauki lokaci kafin a shigar da shi. Na uku, wanda ya fi muhimmanci a gare mu, shi ne tambayar wa ke zaɓa. Daidaitacciyar Hausa ta fi karkata ga Kananci, don haka idan ba a kula ba, sunayen da mutanen Anka da Gummi ke amfani da su za su faɗi a hanya, tare da ilimin da ke rataye da su. Zaɓen kalma ɗaya domin aikin adanawa bai mayar da sauran kuskure ba, kuma jerin da ya fi yawan 'yan rakiya shi ya fi yi wa jama'a hidima. Muna da harsashin da za a ɗora a kai: ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tsara a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Aikin da makaranta za ta iya yi

Ba a bukatar kwamfuta kafin a fara. Kwali da almakashi da akwatin takalmi sun isa. Ga matakan da malamin ilimin halittu zai iya bi da ajinsa:

1. A zaɓi fanni ƙarami, misali itatuwa 30 na harabar makaranta da cikin gari. Ba sai an shiga daji ba.

2. Kowane ɗalibi ya tambayi iyaye da kakanni sunan kowane itace, ya rubuta sunan tare da garin da aka ji shi. In akwai ɗalibai masu jin Fulfulde ko wani harshe, a rubuta nasu.

3. Aji ya zauna ya zaɓi kalma ɗaya ga kowane itace, a kuma rubuta dalilin zaɓen.

4. A nemo sunan kimiyya, a tabbatar da shi ta hanyar duba ganye da fure da 'ya'ya, kada a dogara ga kamannin suna kawai.

5. A yi wa zaɓaɓɓiyar kalma babban kati, a yi wa kowane ɗan rakiya ƙaramin kati, a jera su duka bisa abacada.

Babban kati zai iya kasancewa kamar haka:

ZOGALE
Sunan kimiyya: Moringa oleifera
'Yan rakiya: zogalagandi, bagaruwar Makka
Iyaka: itacen da ake kwaɗo da ganyensa, ba shi da dangantaka da bagaruwar jima
Uwa: itatuwan abinci
Maƙwabta: kuka, rama, ƙuli-ƙuli

Bayan an gama, sai a gwada. A kira ɗalibin wani aji wanda bai ga aikin ba, a ce ya nemo itace da sunan da ya sani. Idan ya ɓata, akwai ɗan rakiyar da aka manta, sai a ƙara shi. Shekara mai zuwa wani aji ya ɗauki ciyayi, wani ƙwari, wani cututtukan dabbobi. Idan makarantu uku, ɗaya a Anka, ɗaya a Bukkuyum, ɗaya a Gummi, suka yi musayar katunansu, za a fara ganin yadda sunaye ke sauyawa daga gari zuwa gari, abin da jami'o'inmu za su yi marhabin da shi. Da yayyafi kogi kan cika.

Kammalawa

An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyukan da gubar dalma ta shafa, aka kammala na Bagega a shekarar 2013, an kuma yi wa dubban yara magani. Darasin da aka koya yana rubuce a maƙaloli da rahotanni masu yawa, akasari da Ingilishi. Haƙar zinariya kuwa ba ta tsaya ba. Ma'aikacin lafiya ko malamin makarantar da zai bukaci wannan darasi nan gaba, da Hausa zai fara tambaya, da kalmar da ya ji a bakin uwar yaro. Aikinmu shi ne mu shimfiɗa hanya daga wannan kalma zuwa ga abin da aka adana, kuma ɗalibin da ya iya rubuta kati ɗaya daidai ya riga ya fara wannan aiki.

Tambayoyi domin bita

1. Kawo kalmomin Hausa biyar masu ma'ana fiye da ɗaya a rubuce, ka rubuta wa kowace bayanin iyaka.

2. Me ya sa ba a goge tsohon sunan kimiyya idan an sauya shi?

3. Rumbu yana da takardu 40 a kan ƙuduji. Ɗalibi ya nema ya sami takardu 25, amma 20 ne kawai suka dace. Lissafa yawan kamu da tsabtar kamu.

4. Tsara babban kati na kalmar kwalli, tare da 'yan rakiyarta da uwarta da maƙwabtanta.